Kamun Yayanki Aro Ne, Ki Nemi Naki

Assalamu alaikum Anti. Shekaruna 19, ina wasan judo a ajin kilo 57, yau shekara uku ke nan. Yayana ne ya fara koya mini a tsakar gida kafin in shiga kulob. Shi dogo ne, yana wasa a kilo 81, ni kuwa gajera ce. Yadda yake kamu haka nake yi: in miƙa hannun dama in cafki ƙeyar riga, in danno kan mutum ƙasa, in shiga uci-mata, kayen da ake juya baya a ɗaga mutum da cinya ta tsakanin ƙafafunsa, ko o-soto-gari, wanda ake share ƙafar mutum ta waje a kayar da shi ta baya. A kulob ɗinmu mu uku ne mata, kuma ina kayar da sauran biyun. Amma gasa biyu da na je bana, duk a zagayen farko aka fitar da ni. A ta farko wata doguwa ta ɗora mini hannu a gadon baya, na kasa ɗaga kai har na tara shido uku, wato gargaɗin alƙali da in ya kai uku an cinye mutum. A ta biyu na shiga uci-mata, aka goce mini aka maka ni da ƙasa. Yatsuna kullum a kumbure. Kocinmu ya ce in bar uci-mata, wai ta maza ce, mace durƙusawa take yi ta yi seyoi-nage, kayen da ake goya mutum a baya a wurgo shi ta kan kafaɗa. Yaya kuma ya ce ƙarfi ne ba ni da shi, in dage da ɗaga ƙarfe. Da gaske ne akwai kamun maza daban, na mata daban? Maganar wa zan bi? Wallahi har na fara tunanin ajiye rigar.

Wa alaikumus salam ƙanwata.

Kada ki ajiye rigar nan. Tun kafin in kai ƙarshen wasiƙarki na gane inda gizo ke saƙar, domin ke da kanki kin faɗa: yayanki dogo ne, ke gajera ce, kuma kamunsa kike yi. Zanen aro ba ya rufe katara. Amma bari in fara da tambayar da kika yi, sannan mu zo kan hannayenki.

Babu kayen maza daban, na mata daban. Dabarun da makarantar Kodokan ta Tokyo ta tattara, wadda Jigoro Kano ya kafa a 1882, jeri ɗaya ne ga kowa. Dokar gasa ma ɗaya ce, kuma tun 2017 maza da mata duk minti 4 suke karawa. Gaskiya ne jiki ya bambanta. A jimlace maza sun fi ƙarfin damtse da kafaɗa da matsar hannu, mata kuma galibi nauyinsu ya fi sauka wajen ƙugu, jikinsu ya fi lanƙwasuwa. Sai dai ke ba da namiji za ki kara ba. Duk wadda za ta tsaya gabanki mace ce da ba ta wuce kilo 57 ba, don haka ƙarfin yayanki ba shi ne ma'auninki ba.

Ki duba 'yan gida ɗaya, Hifumi Abe da ƙanwarsa Uta Abe na Japan. Rana ɗaya, 25 ga Yuli 2021, suka ci zinare a Olamfik ɗin Tokyo, shi a kilo 66, ita a kilo 52. Dukansu an san su da sode-tsurikomi-goshi, kayen da ake ɗaga hannun rigar mutum sama a shige ƙarƙashinsa da ƙugu. Uta kuma tana da uci-mata mai kyau ƙwarai, ga shi ita ba doguwa ba ce. Idan kika zauna kika kalli gasa daga safe zuwa yamma, za ki ga namiji ɗan kilo 60 ya fi kama da mace 'yar kilo 52 a yadda yake kamu da yadda yake shiga, fiye da yadda ya yi kama da ƙaton da ya haura kilo 100. Masu ƙaramin jiki, maza da mata, ƙasa-ƙasa suke shiga da sauri. Masu babban jiki, maza da mata, sun fi son harai-goshi, wanda ake ɗora mutum a ƙugu a share ƙafarsa, da o-soto-gari da kayen da ake naɗe mutum a faɗi tare da shi. Tsayi da nauyi da tsawon hannu su ke raba salo.

Ina ganin abin da ya sa maganar kocinku ta zauna a bakin mutane tarihi ne. Maza sun shiga Olamfik da judo a 1964. Mata ba su samu gasar duniya tasu ba sai 1980 a New York, ita ma da ƙyar, bisa jajircewar wata Ba'amurkiya mai suna Rusty Kanokogi, kuma sai a 1992 a Barcelona aka fara ba su lambar Olamfik ta sosai. Yawancin masu koyarwa a cikin maza suka tashi, da maza suka yi wasa, sai wasunsu suka ɗauka akwai 'yan dabarun da aka ware wa mata. Duk mai shakka ya kalli wasan ƙarshe na ƙungiyoyin haɗakar maza da mata a Olamfik ɗin Paris a 2024. Natsumi Tsunoda, wadda ajinta kilo 48 ne, ta hau har ajinki na kilo 57, ta kayar da Sarah-Léonie Cysique ta Faransa da tomoe-nage, kayen da ake faɗawa da baya a sa wa mutum ƙafa a ciki a wurga shi ta sama. Aji biyu ta tsallaka. A Tokyo kuma Clarisse Agbegnenou, Bafaranshiya mai tushe a Togo, daga kilo 63 ta hau ta doke Chizuru Arai, wadda kwanaki kaɗan kafin nan ta ci zinaren kilo 70.

To, mu zo kan hannayenki, domin a nan aka cinye ki duka sau biyun, tun kafin a kai ga kaye.

Masu judo suna kiran faɗan kamu kumi-kata, kuma kowane hannu da aikinsa. Wanda ke kan kwala shi ne tsurite, shi ke ɗaga mutum yana juya shi, kamar yadda mai fatsa ke ɗaga sandarsa. Wanda ke kan hannun riga shi ne hikite, shi ke ja, shi ke nuna wa mutum inda zai faɗi, shi ke hana shi dafa ƙasa. A duk wasiƙarki hannun dama kawai kika ambata. Ba ki ce komai a kan na hagu ba, kuma ina kyautata zaton a kan katifa ma haka kike mantawa da shi.

Lokacin da yayanki ya cafki ƙeya, hannunsa daga sama yake saukowa, gwiwar hannunsa a lanƙwashe, nauyinsa duka a kan wuyan abokin karawarsa. Haka Teddy Riner na Faransa, wanda ya haura mita 2, yake yi wa mutane, kuma da harai-goshi ya kayar da Kim Min-jong na Koriya ta Kudu a wasan ƙarshe a Paris. Ke kuwa in kika miƙa hannu zuwa ƙeyar wadda ta fi ki tsawo, hannun ya miƙe sambal, hammatarki ta buɗe, dunduniyarki ta bar ƙasa, kin yi ɗage. Kin riga kin karya tsayuwarki da kanki, ita ba ta wahala ba. Ga kuma babban abin: hannun damanki ne ke fara fita, shi ne makaminki, kuma kina miƙa mata shi kyauta. Da ta kama hannun rigarki ta danne shi, shi ke nan, sai ta ɗora nata a bayanki yadda ta ga dama. 'Yan kulob ɗinku biyu suna faɗuwa ne don sun saba jin tsoron wannan hannun, ko kuma tsayinku ɗaya. Baƙuwa ba ta san tsoronsa ba.

Ga abin da nake so ki koma yi. Idan ku biyun da dama kuke wasa, wato ai-yotsu, hannun damanta ta gefen hagunki zai zo. Ki ajiye damanki kusa da ƙirji, kada ki ba ta. Hagunki ne zai fara fita, ko da za ki ɗan gabatar da ƙafar hagu na ɗan lokaci. Ki jira hannun nata yana tahowa ki tare shi a hanya, ki kama rigar tsakanin wuyan hannu da gwiwar hannu, ki tattare yadin ya matse a tafinki, ki danna shi ƙasa wajen ɗamararta. Hannun da ke danne a can ba zai taɓa isa bayanki ba. Sai bayan nan damanki ya hau kwala, daidai ƙashin wuyanta, inda gwiwar hannunki za ta zauna a lanƙwashe ki iya turawa ki iya ja. Hannun riga, sannan kwala, sannan hari. Wannan jerin nake so ya shige jikinki har ki daina tunaninsa.

Idan kuma bahaguwa ce, wato kenka-yotsu, lissafin ya sauya. Damanki da hagunta ne ke gaba, a gefe ɗaya, kuma faɗan shi ne hannun wa zai shiga ta ciki. Gajera ciki take so. Ki riga ta kama kwala daga ƙasa, ki miƙar da wuyan hannunki, ki riƙa ɗaga hannunta da gwiwar hannunki duk lokacin da ta so danno ki. Hannun rigar can gefe yana da nisa, kuma kuskuren da ake yi shi ne a sunkuya a bi shi. Kada ki bi shi. Ki zagaya, ki jijjiga kwalar, ki taɓa ƙafarta ta gaba da o-uci-gari, taɗiyar da ake maƙalo ƙafa ta ciki, ita da kanta za ta kawo hannun don ta daidaita tsayuwarta, sai ki karɓa. Tun kafin alƙali ya ce a fara, ki dubi wace ƙafa ta sa gaba. Mutane da yawa sai an kayar da su suke gane da bahago suka kara.

Kumburin yatsu kuwa, matsa ce ta yi yawa. Kina damƙe riga da yatsu biyar daga farkon wasa har ƙarshe, kamar za a ƙwace miki. Da ƙaramin yatsa da biyun da ke binsa ake riƙe riga, babban yatsa da manuniya a sake, wuyan hannu a sake. Sai daidai lokacin kaye ake matsewa. Hannun da ya sandare ba ya jin motsin abokin karawa, kuma kafin minti biyu damtsen ya cika. Idan a wajen horo aka fizge riga da ƙarfi, ki saki, ki sake kamu, yatsa ya fi riƙon tsada. Ki riƙa naɗe gaɓoɓin da filasta, ki haɗa mai ciwon da na kusa da shi. In akwai wanda ya karkace, ko ya ƙi lanƙwasuwa, ko kumburinsa ya ƙi sauka bayan hutu, ki kai shi asibiti a duba, kada a tsaya ja da murzawa a gida.

Yanzu doguwar da ta danne ki. Maganin farko shi ne wanda na faɗa, kada hannun ya sauka. In kuma ya riga ya sauka, abin da jiki ke so shi ne ki sunkuya ki tura ƙugu baya, ki tokare ta da hannu biyu. Wannan tsayuwar ce ta jawo miki shido uku, domin a idon alƙali ke ce mai gudu, ita ce mai nema. Ki ɗaga kai, ki miƙe baya, ki lanƙwasa gwiwa, ki matsa ciki. Mai dogon hannu tazara take so, in kika shige jikinta tsawon ya zama mata kaya. Irin wannan kamu na gadon baya da ɗamara 'yan Jojiya da Mongoliya suka shahara da shi, daga kokawarsu ta gargajiya suka taho da shi, kuma mata ma suna yin sa. Majlinda Kelmendi, wadda ta ci wa Kosovo zinarenta na farko a Rio a 2016, da ƙarfin kamu ta riƙa murƙushe 'yan kilo 52. Amma duk wadda ta ɗora hannu can sama ta bar hammatarta a buɗe, ƙafafunta kuma suna kusa da ke. O-uci-gari na nan, shiga ƙarƙashin hannun da ƙugu na nan. Uta Abe kanta, a Paris, tana gaba da waza-ari, makin da bai kai cikakkiyar nasara ba, Diyora Keldiyorova ta Uzbekistan ta manne mata ta kayar da ita ta baya da tani-otoshi, kuma Keldiyorova ce ta ci zinaren. Sai dai wannan kayen ina roƙonki kada ki gwada shi sai koci na tsaye, domin in aka zauna a kan gwiwar mutum ta gefe ana iya nakasa shi.

Akwai kuma ɗabi'ar jiran kamu cikakke. Wasu sai sun samu hannu biyu daidai yadda suke so sannan su kai hari, a gasa kuwa ba mai ba ki wannan. Da hannunki ya zauna, ƙafa ta yi magana. Taɗiya ƙarama, ko-uci-gari ko de-ashi-barai, ko ba ta kayar ba tana nuna wa alƙali kina aiki, tana kuma hana abokiyar karawarki shirya nata. Kuma ki kiyayi ɓalle riƙo ki ja baya hannu wofi, gudun kamu laifi ne. Mu da muka tashi muna kallon kokawa, hannu kan so ya zarce ƙafa in an matsu. A judo an fara taƙaita wannan a 2010, aka hana shi gaba ɗaya a 2013. A farkon 2025 hukumar judo ta duniya ta sake gyara dokoki, ta dawo da ƙaramin makin nan yuko, ta sassauta wasu kamun, amma rungumo ƙafa da hannu yana nan a haramce. Kafin kowace gasa ki saurari bayanin alƙalai da kunnenki.

Sai maganar kocinku. Rabinta gaskiya ce, kuma rabin mai amfani ne. Seyoi-nage kayen gajere ne, domin abin da dogo ke wahalar samu, wato shiga ƙasan ɗamarar mutum, ke Allah ya ba ki shi. Ryoko Tani tsawonta santimita 146 ne, ta ci gasar duniya sau 7, ta ci zinaren Olamfik a 2000 da 2004, da sauri da shiga ƙasa. A maza kuma Toshihiko Koga, gwanin seyoi-nage, yana ɗan ajin kilo 71 ya kai wasan ƙarshe na gasar Japan da ba a raba nauyi a 1990, sai a hannun ƙato Naoya Ogawa ya tsaya. Kin ga kayen bai san mace ko namiji ba.

Inda ban bi kocin ba shi ne a fara da durƙusawa. Wadda ta koyi faɗawa kan gwiwa tun farko takan mayar da shi mafaka: da ta ji matsi sai ta zube, ba ja, ba karya tsayuwa. Alƙali yana kiran wannan harin ƙarya, shido ne, ga kuma bayanki da wuyanki da kika bar wa mai neman shaƙa. Ki koye shi a tsaye tukuna, gwiwa a lanƙwashe, baya a miƙe, bayanki manne da ƙirjinta. Ki fara da ippon-seyoi-nage, wanda ake cusa hannu a hammata, domin wanda ake yi da hannu a kwala yana cin gwiwar hannu in shigar ba ta yi daidai ba. In na tsaye ya nuna, saukar da shi ƙasa abu ne mai sauƙi. Ki kuma kula da gwiwoyinki da kyau. Jijiyar nan ta tsakiyar gwiwa an san mata 'yan wasa sun fi maza tsinka ta, kuma jinyarta watanni ce masu yawa. Duk lokacin da kika juya ko kika dira, gwiwa ta bi inda yatsun ƙafa suka nufa, kada ta faɗa ciki.

Kaye ɗaya ba ya tafiya shi kaɗai. Seyoi-nage abokinsa ko-uci-gari ne. Kin taɗe ƙafar damanta ta ciki, ta janye ta baya, ta turo jiki gaba don ta daidaita, a wannan turowar kike juyawa. Gobe kuma ki nuna kamar za ki juya, ta zauna baya tana jira, sai ki ɗauke ƙafar. Gaba da baya, baya da gaba, har ta rasa wanne za ta tsare. Masu judo suna kiran wannan karya tsayuwa kuzushi, kuma shi ne ke fara zuwa kafin shiga, shiga kafin kaye. Ke kina tsallake na farkon.

Shi ya sa aka goce miki a uci-mata. Kin shiga da ƙafa alhali hannun hagu bai ja ba, ƙirjinki bai haɗu da nata ba, kanki yana kallon ƙasa. Ƙafar da kika wurga iska ta samu, ita kuma ta ɗauke nata ƙafar ta ƙarasa miki juyin da hannu. Gocewar nan dabara ce mai suna, uci-mata-sukashi, kuma duk wanda ya shiga babu ja yana cikin haɗarinta, ko namiji ne. Ba zan ce ki bar uci-mata ba, tunda kina son ta, kuma kayen da mutum ke so shi yake jure maimaitawa. Ki sauya mata gida kawai. Ki yi ta daga kwala, ki ja hannun rigar sama har daidai idonki kamar mai duba agogon hannu, ƙafar da za ki tsaya a kai ta shige can tsakanin ƙafafunta, ƙugunki ya ɗauke ta kafin cinya ta tashi. Ta fi zama a kan bahaguwa, musamman in ta biyo bayan o-uci-gari. Kada ki taɓa nutsa kai cikin katifa don ki ƙarasa ta, ana korar mutum daga wasa a kan haka, kuma wuya ake karyawa. O-soto-gari kuwa ki ɗan jingine ta a gasa. Gajera da ta miƙa ƙafa daga nesa ita ake mayar wa da kayen.

Abu ɗaya da ba ki ambata ba, wasan ƙasa. Yawancin kaye a gasa ba sa kai ippon, makin da ke ƙare wasa nan take, mutum kan faɗi a gefe ko a ciki, kuma a daƙiƙu biyun nan da kowa ke jiran alƙali ya tsayar ake cin wasa. Danniya ta daƙiƙa 20 ippon ce, daidai da kaye mafi kyau. Tsunoda da na ambata, in tomoe-nage bai kayar ba hannun take bi da juji-gatame, kamun da ake banƙare gwiwar hannu har mutum ya sallama, da haka ta ci gasar duniya sau uku a jere daga 2021 zuwa 2023. Ki zaɓi juyi ɗaya da za ki riƙa yi wa wadda ta kife, ki maimaita shi har ya zama ba kya jiran tunani.

Yayanki ma bai yi ƙarya ba, ƙarfi yana da amfani, amma ƙarfin ja da na ƙafa kike bukata. Ki rataya tsohuwar rigar judo ko tawul a ƙarfe ki riƙa ɗaga jikinki da shi. In gidanku da rijiya, jan guga horo ne na gaske ga hikite. Ki yanka tsohon tuf na keke ki ɗaura a ginshiƙi, ki riƙa yin shigar seyoi-nage da shi, ja da juyi tare. Amma babban amfanin yayanki ba nan yake ba. Kina da abin da 'yan kulob da yawa ba su da shi, dogon mutum wanda muharraminki ne, a cikin gida, mai irin kamun da ke ba ki wahala. Ki roƙe shi ya zama doguwar nan. Minti ɗaya-ɗaya, shi yana neman ɗora hannu a ƙeyarki da rabin ƙarfinsa, ke kina tarewa kina neman hannun riga da kwala, ba kaye. Wani zagayen ya tsaya a bahago. Wani zagayen ku fara hannunsa na kan bayanki, ki nemi hanyar fita. In ya sa ƙarfinsa duka ba abin da za ki koya sai sunkuyo, don haka ki gaya masa tun farko. A kulob kuma ki daina kayar da 'yan'uwanki biyu da tsohon kamun. Za su riƙa kayar da ke na 'yan makonni, ki haƙura da hakan. In da hali, kocinku ya riƙa kai ku wani kulob ko da sau ɗaya a wata, ki taɓa rigar matan da ba ki sani ba.

Kallon bidiyo ma ki sauya shi. Ki bar manyan maza, ki kalli mata 'yan kilo 48 zuwa 57 da maza 'yan kilo 60 da 66. Kada ki tsallaka zuwa inda aka yi kaye. Ki kalli daƙiƙu goman farko bayan kowace tsayawa, ki ga wane hannu ke fara fita, ina yake sauka.

Game da wa za ki bi, a kan katifa koci ɗaya ake yi. Ki same shi bayan horo, ba a gaban mutane ba, ki ce, Malam, na karɓi shawarar seyoi-nage, ina roƙon a fara koya mini shi a tsaye, a kuma duba mini kamuna. Malamin da ya ga ɗalibarsa ta zo da wannan zai saurare ta, maganar uci-mata kuma ki bar ta sai ya ga kamunki ya gyaru. Yaya kuwa shi ya fara sa miki riga, kada ya ji kamar kin watsar da koyarwarsa. Ki ce masa, Yaya, kamunka na dogaye ne, ka taimake ni in koyi yadda ake karya shi.

Wata uku nake so ki ba wannan aikin kafin ki sake shiga gasa. Ranar gasar ki ba wata wayarki ta ɗauki wasan tun daga gaisuwa. In kin dawo ki rubuto mini, ko kin ci ko an cinye ki, ki gaya mini sau nawa hagunki ya riga damanta sauka.